Taken Ɗan Galadima: Bin sawun wani kiɗan goge daga Dei-Dei zuwa Tunis

Unguwar Dei-Dei, wadda ke gefen babbar hanyar da ta tashi daga Kubwa zuwa Zuba a Babban Birnin Tarayya, an fi saninta da kasuwar kayan gini da ta katako da kuma kasuwar dabbobi. Waɗannan sana'o'i sun tara Hausawa daga Kano da Katsina da Sakkwato da Zamfara, har da na Jamhuriyar Nijar, kuma kowa ya zo da kiɗan garinsu a cikin wayarsa. Daga cikin abubuwan da masu tura waƙoƙi ke zuba wa jama'a a katin waya akwai tsofaffin kaɗe-kaɗen goge da na kukuma, waɗanda aka kwafo daga kaset, shi ma kaset ɗin daga wani aka kwafo shi. Sau da yawa babu sunan makaɗi a jikinsu, balle shekarar da aka ɗauka ko garin da aka yi wasan.

Ɗaya daga cikin take-taken da suka daɗe a hannun masu goge shi ne taken Ɗan Galadima. Kamar sauran irinsa, ba a rubuta shi a takarda ranar da aka fara kaɗa shi ba, daga hannun maigida ya riƙa sauka zuwa hannun yaro. Duk da haka masu nazarin kiɗa suna da hanyoyin da suke bi su kimanta shekarun irin wannan take da wuraren da ya ratsa. Suna duba sunansa, da kalmomin da gogen ke faɗa, da rubuce-rubucen waɗanda suka ji shi a da, da kuma faifan da aka naɗa. Kowace hanya tana da iyakar inda take kaiwa, kuma ta ƙarshen, wadda ita kaɗai ke riƙe da sautin kansa, ita ce ta fi fuskantar barazanar salwanta a yau.

Mene ne take?

A al'adar kiɗan Hausa, take gajeren kiɗa ne da aka keɓe wa wani mutum ko wata sarauta ko sana'a, wanda da zarar an kaɗa shi mai shi ya san da shi ake. Mazauna Dei-Dei sun san wannan sarai, domin gidan damben unguwar yana cikin fitattun wuraren da ake dambe a Abuja. Idan masu kalangu suka saki taken wani ɗan dambe, na Kudu ne ko na Arewa ko Guramada, 'yan kallo kan gane wanda ake kira tun bai miƙe ba. Haka mahauta suke da nasu a kalangu, maƙera a dundufa, manoma a gangar noma, sarakuna kuma a tambari da kakaki da algaita.

Sirrin take yana cikin harshen Hausa kansa. Hausa harshe ne mai karin sauti, kowace gaɓa tana hawa ko sauka ko faɗuwa, shi ya sa kunne ke bambanta "kai" na kiran mutum da "kai" na jiki. Kalangu da goge suna iya bin wannan hawa da sauka, har mai sauraro ya ji kamar magana suke yi. Akasarin take-take kirari ne da aka mayar kiɗa. Makaɗi yana maimaita gajeruwar jimla, yana yi mata ado, yana ƙara mata sauri gwargwadon yadda rawa ta ɗauki zafi, amma ƙashin bayanta yana nan yadda kalmomin suka tsara shi.

Wannan yana da muhimmanci ga mai neman tarihi. Inda kirarin ya zo ɗaya a garuruwa biyu, kiɗan kan yi kama ko da makaɗan ba su taɓa haɗuwa ba. Inda kirarin ya bambanta, take ɗaya kan rabu gida biyu ko fiye, sunan kawai ya haɗa su. Saboda haka mai goge na Katsina da na Maraɗi da na Zariya kowa na iya cewa taken Ɗan Galadima yake kaɗawa, kuma kowa ya yi gaskiya, domin kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi.

Gogen da ke ɗauke da taken

Ana yin goge da ɓarin ƙwarya, a rufe bakinsa da fatar guza ko ta damo, a huda ƙaramar kafa a gefen fatar domin sauti ya fita, sannan a soka sanda ta zama wuya. Tsirkiyarsa ɗaya ce, an haɗa ta da tsagiyar wutsiyar doki. Wani ɗan itace da ake kira jaki shi ke ɗaga tsirkiyar daga kan fata. Abin gogawar ƙaramin baka ne, shi ma da tsagiya, ana shafa masa ƙaro domin ya kama. Makaɗi ba ya danne tsirkiya har ta kwanta a kan sanda, taɓa ta yake yi da yatsu, wannan ne ya ba gogen damar zamewa daga sauti zuwa sauti kamar muryar mutum. Masu kiɗan ƙwarya ne ke riƙe masa rauji, 'yan amshi kuma suna karɓa. Kukuma ƙanwar goge ce, ta fi shi ƙanƙanta da siririyar murya.

Ra'ayin da ya fi rinjaye a tsakanin masana tarihin kiɗa shi ne cewa dabarar goga tsirkiya da baka ta taso ne daga tsakiyar nahiyar Asiya, ta bazu a ƙasashen Musulmi a wajajen ƙarni na 10. Al-Farabi, wanda ya rasu a wajajen shekarar 950, ya ambaci rababa a babban littafinsa na ilimin kiɗa. Turai ta karɓi dabarar ta hanyar Andalus da Daular Rumawa ta Gabas, Afirka ta Yamma kuma ta hanyoyin fataucin Sahara. A yau dangin goge sun cika yankin: Fulani suna da nyanyeru, Wolof na Senegal suna da riti, Zabarmawa da Yarabawa suna cewa goje, Dagomba na Ghana suna cewa gonje, Buzaye kuma suna da imzad, wanda mata ne ke kaɗa shi.

Farfesa Jacqueline Cogdell DjeDje ta Jami'ar Kalifoniya da ke Los Angeles ta wallafa littafi a 2008 inda ta kwatanta gogen Fulani da na Hausawa da na Dagomba. Kwatancen ya nuna cewa matsayin kayan kiɗan ya bambanta daga wuri zuwa wuri. A Dagomba masu gonje makaɗan fada ne da ke tsare tarihin sarakuna, a ƙasar Hausa kuwa an fi danganta goge da bori da dandalin nishaɗi. Wannan bambanci ya shafi abin da aka rubuta. Marubutan tarihin fada sun fi kula da kayan kiɗan sarauta, shi ya sa Tarihin Kano ya tuna cewa a zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499, aka fara busa kakaki. Kiɗan talakawa bai samu irin wannan gata ba.

Abin da suna ke faɗa

Daɗewar goge ba ta nufin kowane take nasa ya daɗe haka. Domin a kimanta shekarun taken Ɗan Galadima, wuri na farko da ake dubawa shi ne sunan. A imanin masu bori, iskoki suna zaune ne a wani birni da suke kira Jangare, suna da gidaje da sarautu da dangantaka irin ta mutane, kuma kowannensu yana da takensa da kirarinsa. Ɗan Galadima, wanda ake kuma kira Yarima, shi ne ɗan sarkin cikinsu. Ana siffanta shi da son ado da turare, da kyautar da ba ta da linzami, da kuma caca.

Sunan nasa sunan sarauta ne. Galadima sarauta ce da ƙasar Hausa ta aro daga Borno, inda mai riƙe da ita yake kula da yammacin daular. Tarihin Kano ya ambaci Galadima Dauda a zamanin Sarki Abdullahi Burja a ƙarni na 15. Ke nan take mai wannan suna ba zai girmi shigowar sarautar ƙasar Hausa ba, kuma halayen da ake jingina wa mai shi na zaman birni ne, inda ake da fada da kasuwa da dukiyar da za a yi almubazzaranci da ita.

Da wannan ma'auni ake iya jera take-taken bori hawa-hawa. Na Inna da Kure suna da alaƙa da tsohuwar rayuwar noma da dawa. Na Malam Alhaji ya nuna zamanin da Musulunci ya kafu har malami mai allo da carbi ya zama sananne a gari. Na Barhaza yana nuni da cuɗanya da Fulani, na Bagwariya kuma da maƙwabtaka da Gbagyi, waɗanda su ne tsofaffin mazauna ƙasar da Dei-Dei take a yau. Hawa na baya-bayan nan shi ne wanda aka fi sanin lokacinsa. A wajajen 1925, a yankin Filinge na Nijar, aka fara jin labarin wasu iskoki masu kwaikwayon sojoji da jami'an mulkin Faransa, waɗanda Zabarmawa ke kira Hauka, Hausawan yankin kuma Babule. Su ma makaɗa sun yi musu take. Wannan ya tabbatar da cewa ƙirƙirar take ba ta tsaya a zamanin da ba, masu goge suna ƙara sabo a kan tsoho duk lokacin da zamani ya kawo sabon abu.

Garuruwan da suka riƙe tsohon kiɗa

Jihadin da Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya jagoranta daga 1804 ya sauya matsayin goge. Malaman jihadi sun soki bori, sun kuma soki kaɗe-kaɗen da ke haɗa maza da mata a dandali. Nana Asma'u, 'yar Shehu, wadda ta rasu a 1864, ta kafa tsarin 'yan taru domin karantar da mata, kuma masana tarihi suna kallon wannan tsari a matsayin abin da ya ba matan karkara madadin taron bori. A masarautun da suka koma ƙarƙashin Sakkwato, bori ya fita daga fada ya koma bayan gida da gefen gari, masu goge suka bi shi can.

Sarakunan Haɓe da suka ƙi miƙa wuya sun tafi da al'adun fadarsu. Katsinawa suka kafa sabuwar hedikwata a Maraɗi, Gobirawa suka zauna a Tsibiri bayan yaƙin Gawakuke na 1836. A waɗannan garuruwa biyu bori ya ci gaba da zama a ƙarƙashin sarautar mata ta gidan sarki, Iya a Maraɗi, Inna a Tsibiri. Shi ya sa masu binciken tsohon kiɗan goge suke yawan nufar wannan yanki.

Reshe na uku ya biyo ta ƙofar Dei-Dei. Lokacin da masu jihadi suka ci Zariya, Sarkin Zazzau Muhammadu Makau ya yi kudu da jama'arsa ya sauka a Zuba, 'yan kilomitoci kaɗan daga inda kasuwar Dei-Dei take yanzu. Bayan rasuwarsa, ƙaninsa Abu Ja ya kafa garin Abuja a 1828. Wannan gari ne ya koma Suleja, da sunan Sarki Sulaimanu Barau, bayan da aka ba sabon Babban Birnin Tarayya da aka ƙirƙiro a 1976 sunan Abuja. Ke nan tun kusan shekaru 200 da suka wuce wannan yanki yake cikin wuraren da al'adun Zazzau na kafin jihadi suka samu mafaka. Mai neman tsohon salon take na Zazzagawa yana da dalilin tambayar dattawan Suleja kamar yadda zai tambayi na Zariya.

Shaidar takarda

Rubutu mafi amfani ga mai bin sawun Ɗan Galadima ya fito ne daga nesa da ƙasar Hausa. Manjo A. J. N. Tremearne, wani hafsan Birtaniya da ya yi aiki a Arewacin Nijeriya, ya gudanar da bincike a tsakanin Hausawan Tunis da Tarabulus, ya wallafa littafi a kan bori a 1914. A ciki ya jera iskoki da halayensu da waƙoƙinsu, har da Ɗan Galadima. Yawancin waɗannan Hausawa bayi ne da aka tsallaka Sahara da su, ko kuma zuriyarsu. Tunisiya ta haramta bauta a hukumance a 1846. Samun sunan a can, a bakin mutanen da suka daɗe da barin gida, yana nuna cewa ya riga ya kafu a ƙasar Hausa tun cikin ƙarni na 19 aƙalla.

Wannan reshe bai mutu ba. A Tunis har yanzu ana yin wani kiɗa mai suna stambeli, wanda zuriyar mutanen kudu da Sahara suka riƙe. Richard Jankowsky, wanda ya wallafa littafi a kansa a 2010, ya nuna yadda kalmomin Hausa da na Kanuri suka saura a waƙoƙinsa, kuma sunan Yarima yana cikin sunayen da ake kira, ko da yake masu waƙar Larabci suke ji a yau. Babban kayan kiɗansu gumbri ne, wanda ake kaɗawa da yatsa.

A gida kuma shaidu sun biyo juna. Joseph Greenberg ya zauna da Maguzawan ƙasar Kano a ƙarshen shekarun 1930, ya wallafa sakamakon a 1946 tare da sunayen iskokin da suka sani. Baba ta Karo, wadda Mary Smith ta rubuta tarihin rayuwarta a ƙasar Zazzau a 1949 da 1950, ta ba da labarin bori kamar yadda matan aure suka san shi. David Ames da Anthony King sun fitar da ƙamus na kalmomin kiɗan Hausa a 1971, bayan aikin da suka yi a Zariya da Katsina. Veit Erlmann ya nazarci take-taken bori a Maraɗi ya buga sakamakon a 1982, Fremont Besmer kuma ya fitar da littafinsa a kan masu garaya da masu goge na Kano a 1983. A fagen nazari da Hausa, Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau na Jami'ar Bayero ya tattara tarihin makaɗa da dama a littattafansa na Makaɗa da Mawaƙan Hausa.

Tsofaffin rubuce-rubucen sun fi adana suna da kalmomi. To amma tunda take yana bin karin sautin kalmomi, kirarin da aka rubuta shekaru fiye da 100 da suka wuce yana iya ba Bahaushe mai kunne hasken yadda kiɗan yake hawa da sauka a wancan lokaci. Wannan gata ne da masu nazarin kiɗan harsunan da ba su da karin sauti ba su da shi.

Yadda Ingila ta adana nata

Kwatanci da Ingila yana nuna abin da rubutu ke iya yi. Can ma akwai kiɗan rawar karkara da ake yi da goge, wanda makaɗan ƙauye suka riƙa gada da ka. A 1651 wani mai buga littattafai a Landan, John Playford, ya fitar da littafi mai ɗauke da raye-raye 105, kowace da kiɗanta a rubuce da alamomin sauti da bayanin takunta. An ci gaba da sake buga littafin ana ƙara sababbi har zuwa wajajen 1728. A farkon ƙarni na 20 Cecil Sharp ya zagaya ƙauyuka yana rubuta abin da ya saura a hannun tsofaffi, ya kuma kafa ƙungiyar raye-rayen gargajiya a 1911.

Albarkacin wannan, mai bincike a Ingila yana iya ɗaukar kiɗa ɗaya ya bi shi bugu bayan bugu, ya ga inda ya sauya suna da inda aka ƙara masa gaɓa. Rubutun yana kuma warware almara. An daɗe ana cewa Sarki Henry na Takwas ne ya tsara shahararren kiɗan nan Greensleeves. Sai dai sarkin ya mutu a 1547, sunan waƙar kuwa ya bayyana a rajistar masu buga littattafai ta Landan a 1580, kuma salon ginin kiɗan na Italiya ne da ya shiga Ingila bayan zamaninsa. Saboda haka masana suka ajiye wancan zance.

Masu gogen Hausa ba su yi amfani da alamomin rubuta sauti ba. Abin da ya tsaya musu a madadin littafi shi ne silsilar koyo, wane ya koya a wurin wane, sai kuma na'urar naɗar murya da ta zo daga baya.

Daga bori zuwa dandalin rawa

A ƙarni na 20 goge ya samu sabuwar kasuwa. Jirgin ƙasa ya isa Kano a 1911, garuruwa suka cika da 'yan ci-rani da ma'aikata, gidajen wasa da otal-otal suka buɗe. Masu goge suka riƙa kiɗa domin rawa da nishaɗi kawai, suna wasa masu kuɗi da direbobi da 'yan kasuwa. A irin wannan dandali tsohon take kan sauya aiki. Kiɗan da aka san shi da ɗan sarki mai kyauta ya dace da duk wanda ake so ya buɗe aljihu, sai makaɗi ya riƙe kiɗan ya sa sunan wanda ke gabansa. In kiɗa ya sauya rawa ma takan sauya, amma a nan sau da yawa waƙar ce ke sauyawa, kiɗan yana nan.

Daga wannan zamani ne aka samu makaɗan da sunayensu suka tsaya. A goge akwai Garba Liyo da Audu Yaron Goge. A kukuma akwai Ibrahim Na Habu da Ali Ɗan Saraki da Ahmadu Doka da Hassan Wayam, da Garba Supa wanda waƙarsa ta Amarya Ango ta zama ta gidan biki. A ƙasar Yarabawa, Yusuf Olatunji, wanda ya rasu a 1978, ya yi fice da goje a kiɗan sakara.

Abubuwa biyu sun rage wa masu goge fili a baya-bayan nan. Tun daga shekarun 1990 fiyano ya mamaye ɗakunan naɗar waƙoƙin fina-finan Hausa, mutum ɗaya yana fitar da sautin da ke kama da goge da kalangu ba tare da ya ɗauki makaɗi ba. Sannan bayan da Zamfara ta ƙaddamar da shari'ar Musulunci a 1999, wasu jihohin Arewa suka bi sahu, gidajen da aka saba irin wannan wasa sun ragu ƙwarai a can. Yaran da za su zauna shekaru suna riƙe wa maigida ƙwarya kafin a ba su goge sun yi ƙaranci, silsilar koyo ta fara tsinkewa.

Faifai da kaset

Sautin kansa yana ajiye ne a wurare ƙalilan. Gidan Rediyo da Talabijin na Kaduna, wanda ya fara aiki a 1962 kuma ya shiga ƙarƙashin Rediyon Tarayya a 1978, ya naɗi makaɗan Arewa masu yawa. Haka Rediyon Kano da Muryar Sahel ta Yamai. Abin da David Ames ya naɗa a 1963 da 1964 ya fito a faifai biyu a jerin kaɗe-kaɗen Afirka na hukumar UNESCO. Jami'ar Bayero da Jami'ar Ahmadu Bello suna da cibiyoyin da suka tara waƙoƙin baka, kamfanoni irin su EMI kuma sun buga faifan garmaho na makaɗan Hausa.

Zaren kaset yana da iyakar kwana. Zafi da laima da ƙura suna cin sa, kuma yawancin kamfanoni sun daina ƙera na'urorin da ke karanta shi. A 2019 UNESCO da ƙungiyar ma'adanan sauti da hotuna ta duniya sun yi gargaɗin cewa zuwa wajajen 2025 samun na'urori da kayan gyaransu zai yi wuya ƙwarai, don haka duk abin da ba a juya zuwa kwamfuta ba yana iya zama shiru na har abada. Kwafin da ke yawo a wayoyi ya ceci sauti da yawa, sai dai ya raba su da bayanan da ke rubuce a jikin kwalin asali, kuma waɗannan bayanai ne ke mayar da kiɗa hujjar tarihi.

Batun ya shafi haƙƙi. Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022, wadda aka sa wa hannu a watan Maris na 2023, ta tanadi kariya ga kayan gargajiya, har da waƙoƙi da kaɗe-kaɗe, ta kuma ɗora wa Hukumar Kare Haƙƙin Mallaka ta Nijeriya alhakin kula da su. Amma kafin a ce wani ya ɗauki tsohon take ya sa a sabuwar waƙa ya ci riba, dole a iya nuna cewa taken ya riga waƙar, da kuma al'ummar da ta riƙe shi. Nijeriya ta amince da yarjejeniyar UNESCO ta kare al'adun da ba a taɓawa a 2005. A ƙarƙashinta aka sa bikin kamun kifi na Argungu a jerin duniya a 2016, da hawan sallar Kano a 2024. Aljeriya da Mali da Nijar sun haɗa kai sun shigar da imzad a 2013, abin da ke nuna cewa goge mai tsirkiya ɗaya yana iya samun wannan matsayi idan an tattara shaidunsa.

Malamai da dama suna da matsayi bayyananne a kan bori, kuma adana tarihin kiɗa ba ya buƙatar kowa ya sauya aƙidarsa, kamar yadda ajiye tsohon takobi a gidan tarihi ba ya nufin shelar yaƙi. Aikin da ake buƙata mai sauƙi ne: a nemi sunan makaɗin kowane tsohon kiɗa, da wanda ya koya masa, da garinsu, da shekarar da aka naɗa, a rubuta a haɗa da sautin. Wurare irin su Dei-Dei sun dace da wannan aiki, domin a kasuwa ɗaya ana iya samun Bakatsine da Bagobiri da Bazazzagi da mutumin Maraɗi, a kunna musu take ɗaya kowa ya faɗi sunan da aka san shi da shi a garinsu da makaɗin da ya fara jin sa a hannunsa. Waɗanda suka ga su Garba Liyo da idonsu a dandali dattawa ne yanzu, kuma su ne rukuni na ƙarshe da zai iya ba da wannan amsa da baki.